Da Hannuna Na Zuba

 Yau ban zo muku da labarin soyayya kamar yadda na saba ba, labarin cikin gidana na kawo. Na daɗe ina juya shi a raina kafin na yarda in sa shi a takarda, don an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To amma na ga in na yi shiru wata ma za ta faɗa ramin da na faɗa, alhali ni na san inda ramin yake. Na nemi izinin maigidan, na nemi na abokiyar zamana, duk sun ce in rubuta, sai dai kada in kama suna.

Shekarata 11 a ɗakin mijina, da 'ya'ya 3, aka yi mini kishiya. Wannan a 2019 ke nan. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi kuka har idona ya kumbura, na yi yaji na kwana 3, Babanmu ya kora ni na dawo. Ranar da na dawo wata ƙawata ta zo yi mini jaje, ta ja ni ƙuryar ɗaki ta ce, "Ke dai banza ce wallahi. Kuka zai hana shi abin da ya yi niyya? Ki tashi ki riƙe masa ciki. Namiji ta cikinsa ake kama shi." Na ɗauki wannan magana na ƙulle a bakin zane.

Kwana bibbiyu muke yi. Ranar girkina tun asuba nake shiga kicin. Da safe soyayyen dankalin Turawa da ƙwai 4, ga shayi mai kauri da madarar gwangwani, sukari cokali 4 nake antaya masa don na san yana son zaƙi. Da rana in aika masa kula kasuwa, shinkafa da miya da soyayyar kaza. Miyar nan kuwa sai mai ya taso ya kwanta a samanta kamar tafki sannan hankalina yake kwanciya. Da can magi 2 nake sa wa tukunyar miya, sai na koma 4, na koma 6, ga farin magi, ga gishiri a kai. Da dare tuwon shinkafa miyar taushe ko sakwara, a biyo da farfesun kayan ciki, a kora da lemon kwalba mai raɓa wanda na ɓoye a can ƙasan firij don kada yara su gani. Zoɓon da nake haɗawa kuwa, in kika kurɓa sai kin ji zaƙinsa har tsakiyar kanki.

Amarya ba makauniya ba ce. Da ta ga haka ita ma ta ɗaura ɗamara, ga ta kuma 'yar gidan masu sana'ar kayan gara. Ranar girkinta gidan nan ƙamshin suya yake tun daga zaure: dubulan, alkaki, cincin, fanke, nakiya, kek, dambun nama. In na soya kaza ɗaya ta soya biyu. In ta yi farfesun kan rago ni kuma in yi na ƙafar sa. Ba mu taɓa faɗa da baki ba, ko sau ɗaya, kowa a unguwa yabon zamanmu yake. A tukunya muke yin namu faɗan.

Shi kuwa bawan Allah, tsoronsa kada a ce ya cinye na wance ya rage na wance. Sai ya zama duk abin da aka ajiye masa sai ya ga bayansa, wai shi adalci. Kafin shekara 2 ya ajiye tumbi, wuya ya yi sala-sala, aka sake masa ɗinkuna. 'Yan kasuwa suna ta zolayarsa, "Alhaji, lallai an samu hutu!" Hajiya mahaifiyarsa kuwa duk ranar da ta zo sai ta dube shi ta yi murmushi ta ce, "Yanzu na san ɗana yana da mata." Ni kuma in ji kaina ya yi girma, a raina ina cewa ai yawancin naman nan nawa ne.

Bari in tsaya nan in faɗi laifinmu mu marubuta, don ni ma ina ciki dumu-dumu. Ki ɗauko kowane littafi nawa ki duba. Duk inda na so in nuna mace ta iya miji, sai na jera mata tebur shafi guda: kaji, soye-soye, lemuka kala-kala. Duk inda na so in nuna amarya ta dace, sai in ce bayan wata 3 ta yi ƙiba ta yi fari ta murje, tana kwance a kan luntsumemiyar kujera, 'yar aiki na kaiwa da komowa. Ban taɓa rubuta tauraruwar da take kwaɗon zogale ba, sai in ina son nuna talaucin gidansu. Ban taɓa sa ta tafi unguwa a ƙafa ba, sai in kishiyar uwa ce take gana mata azaba. Yara mata suna karantawa suna ɗauka haka jin daɗi yake. Ni kaina da na rubuta ai na yarda da abina.

A ƙarshen 2023 abin ya fara. Sai na lura cikin dare yana tashi fitsari sau 4, sau 5. Ƙishirwa kuwa kamar wanda ya yi azumin bazara, jarkar ruwa yake kwana da ita a gefen gado. Ya ce idonsa yana yi masa hazo-hazo, ƙeyarsa tana sara. Na ce gajiyar kasuwa ce, na ƙara masa farfesu. Wata Talata, ranar girkina ce kuwa, wajen ƙarfe 3 yaron shagonsa ya bugo mini waya muryarsa na rawa, ya ce Alhaji ya tashi zai yi alwala jiri ya kwashe shi ya faɗi, sun wuce asibiti. Ban san lokacin da na zari hijabi ba. A bakin ƙofa na ci karo da Amarya ita ma da nata a hannu, takalminta wari da wari. Adaidaita sahu ɗaya muka shiga, har muka isa babu wadda ta ce uffan.

An auna jininsa ya haura 170 a kan 100, sukarin jikinsa kuma ya yi sama sosai. Aka ba shi gado. Kwana 2 ana ta gwaje-gwaje, a na uku likitar, wata mace mai ɗan shekaru, ta kira mu ofishinta ta ce hawan jini ne da ciwon suga suka haɗu masa. Ta tambaya ko akwai mai irin ciwon a danginsa, muka ce mahaifinsa da shi ya rasu. Ta gyaɗa kai ta ce to akwai gado a ciki, amma gadon yakan daɗe a kwance, ƙiba da yawan zama da irin cimar mutum su ne suke tashinsa da wuri. Sannan ta cire gilashinta ta dube mu ta ce, "Wace ce mai yi masa girki a cikinku?"

Na dubi Amarya, Amarya ta dube ni.

Ta ce, "To ku faɗa mini abin da ya ci ranar da ya faɗi, tun daga safe." Ni ce da girki, dole na buɗe baki. Ina lissafawa tana rubutawa, abin da da nake alfahari da shi yau ina faɗarsa kamar mai amsa laifi gaban alƙali. Da na zo kan magi 6 sai ta ajiye biron.

Ba ta yi mana faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta buɗe durowa ta ɗauko wata kwalbar lemo da babu lemo a ciki, sai farin sukari a ƙasanta. Ta ce wannan shi ne sukarin da ke cikin kwalba ɗaya ta irin lemon da aka fi sha, kusan ƙaramin cokalin shayi 9. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babban mutum yake sha a yini ya wuce kamar giram 50, wato wajen cokali 12, in ma da hali ya tsaya a 6, kuma wannan lissafi ya haɗa da na shayi da na koko da na zoɓo da na biskit har da zuma. Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, shi ma har da wanda ke ɓoye cikin burodi da kilishi da yajin tsire. Ta ce dunƙulen magin da muke marmasawa a miya wajen rabinsa gishiri ne, don haka mai sa 6 ta kuma barbaɗa gishiri a kai, sau biyu ta sa ba ta sani ba.

Ina zaune ina lissafi a zuci. Shayin safe 4, lemon rana 9, na dare 9, ban sa zoɓo ba, ban sa kayan Amarya ba. Sai na ji hawaye yana bin fuskata. Shekara 4 ina gasa a kan mutumin nan, ashe da hannuna nake zuba masa.

A daren nan kakata Inna ta yi ta faɗo mini a rai. A ƙauyensu can wajen Bichi na yi yarintata. Inna kan tashi ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga a rijiya, ta tafi gona kai abinci ta dawo da itace a ka. Tuwon dawa miyar kuka da daddawa, danwake, fura da nono, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, faten wake, su ne cimarta. Mai kuwa da ɗan cokali ake ɗiga shi. Sukari sai an yi baƙo ko azumi. Ta tsufa tukuf tana tsinka zare ta zura a allura da kanta. Kada ku ce ina yabon wahala, don wahala ce, na ga tafin hannunta, na ga kuma 'ya'yan da ta binne saboda rashin asibiti. Wanda ya kawo injin niƙa da famfo Allah Ya saka masa da alheri, ni ba mai komawa turmi ba ce. Abin da na gano kawai shi ne, aikin da yake cinye abincin a jikinsu ya tafi, abincin kuma ya ƙaru ya ƙara maiƙo. Ni daga gado sai kujera, daga kujera sai kicin, markaɗe a ba almajiri, wanki a ba mai wanki, gidan biki nan da layi 3 sai na tsayar da adaidaita.

Da aka sallamo shi aka ba mu takardar abin da zai ci da wanda zai bari, ga magunguna na safe da na dare. A nan ne aikin ya zo da wuya, kuma wuyar ba a kicin take ba. Abin da ke raina shi ne, in na yi masa miya salam babu mai babu magi, ita kuma ranar girkinta ta faki idona ta soya masa kaza, ai na kashe kaina. Zai riƙa ɗokin kwananta yana jan ƙafa a nawa. Sati guda ina wannan saƙe-saƙe, ina leƙen tukunyarta ta taga, ashe ita ma tawa take leƙe.

Ita ta fi ni zuciya, gaskiya ɗaya ce. Wani dare bayan ya yi barci ta yi sallama a ƙofar ɗakina, ta zauna a ƙasa ta ce, "Yaya, magana na zo mu yi. Wallahi tsoro nake ji. In na rage ke ba ki rage ba, ni ce a ƙasa. In kin rage ni ban rage ba, na cuce ki na cuce shi. In kuma ya mutu, takaba ɗaya za mu yi." Na ce, "Ke ma abin da ke ranki ke nan?" Sai muka sa dariya, dariyar ta koma kuka. A nan ta faɗa mini abin da ban sani ba. Wai tun zuwanta Hajiya take yi mata gorin rama, tana cewa ta zama kamar muciya, ga ni kuma cike da zane. Shi ne wata ta kawo mata ƙwayoyin nan da ake kira sha ka fashe, ta yi wata 5 tana sha a ɓoye, fuskarta ta kumbura ta ɗauka ƙiba ce. Da muka koma asibiti na sa ta faɗa wa likitar. Ta ce irin waɗannan ƙwayoyi da yawansu maganin wasu cututtuka ne daban, shan su barkatai yana iya tayar da hawan jini da suga, kuma wadda ta daɗe tana sha ba a yanke mata lokaci ɗaya, sai likita ya duba ta. Don Allah 'yan mata ku ji wannan, na san ana sayar muku da su gab da biki.

Muka yi alkawari a daren nan, tukunya ɗaya, ma'auni ɗaya. Muka samo wani ƙaramin ludayi muka ce shi ne na mai, ranar girkin kowa shi za a cika sau ɗaya. Magi ba mu yanke shi rana ɗaya ba, don mun gwada, miyar ta dawo mana kamar yadda muka kai ta. Sai muka riƙa ragewa ɗaya-ɗaya duk sati biyu, muna cike gurbin da daddawa mai kyau da busasshen kifi da albasa mai yawa da tafarnuwa da citta da masoro. Harshe ashe ɗan koyo ne. Bayan kamar wata 2 na je gidan suna aka zubo mini shinkafa, na kai loma ɗaya na ji gishiri ya game mini baki, alhali irin girkina ce ta da.

Faranti ma muka sake masa tsari yadda aka nuna mana: rabi ganye da kayan lambu, sauran rabin a raba tsakanin tuwo ko shinkafa da abin gina jiki, wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse. Tuwon da yake cin malmala 3 ya koma ɗaya da rabi, miyar ce ta ƙaru. Muka dawo da tuwon dawa da na alkama, da faten acha, da dambu mai zogale. Kaza ta koma dafaffiya ko gasasshiya. An ce a samu kamar giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini ga kowane babba. Na san wata za ta ce, "Marubuciya, kin san kuɗin kankana kuwa?" Na sani, ni ma cefane nake yi. Amma ki lissafa kuɗin kiret ɗin lemo da galan ɗin mai da muke ƙararwa a wata. Mu dai abin da muka rage a can shi muka mayar nan. Ranar Asabar mukan aika 'Yankaba a sayo alayyahu da kabeji da karas da yalo a sari, mu raba da maƙwabciyarmu. 'Ya'yan itace kuma muna bin lokacinsu, mangwaro da bazara, gwaiba da lemon zaƙi in sun yi araha a 'Yan Lemo, shi maigida a yanka masa kaɗan don su ma suna da nasu zaƙin. Zogale 2 muka dasa a bayan ɗaki, yanzu har kyauta muke yi.

Kada ku zaci ya karɓa da hannu biyu. Ya yi fushi, ya yi ƙorafi, ya ce mun haɗe masa kai, ya ce an mai da shi akuya. Wata rana Abba yana wanke masa mota ya zaro kwalaben lemo 3 a ƙarƙashin kujera. Da na yi masa magana sai ya ce, "Ke ba ki san kasuwa ba. Baƙo ya zo shagonka ka saya masa lemo, kai kuma ka zauna kana kallonsa?" Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren. A Kantin Kwari yake, tun ƙarfe 9 na safe yake zama a kan benci ɗaya har kusan magariba, yara ne masu ɗauko kaya, masu talla kuma suna wucewa da soye-soye ta gabansa yini guda. Abin da ya taimake mu shi ne maƙwabcin shagonsa, wani dattijo da aka yanke wa yatsun ƙafa 2 saboda suga. Shi ya zaunar da shi ya cire takalmi ya nuna masa. Abin da mata biyu suka yi wata 3 suna faɗa, ƙafar nan ta faɗe shi cikin minti ɗaya. Yanzu ruwa yake ba baƙi, shi da dattijon kuma sun sa wa kansu zuwa wani masallaci mai ɗan nisa sallar azahar da la'asar a ƙafa. Tsadar man fetur tun da aka cire tallafi a 2023 ita ma ta yi mana rana, don yakan ajiye motar a gida ya taka zuwa bakin titi. Likita ta ce babba yana buƙatar aƙalla minti 150 a sati na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗan ɗaga, wato minti 30 sau 5, tafiya da sauri ma ta wadatar.

Maganinsa kuwa yana nan yana sha, kada wata ta ce na ce zogale ya maye gurbin likita. Masu zagayawa da lasifika suna cewa kwalba ɗaya za ta raba ka da suga har abada sun so su ja shi, Amarya ce ta zubar da jarkar a makwarara.

Sai yara. Wannan ya fi ci mini rai, don su ba su zaɓi komai ba, abin da na ba su suka ci. Khalifa yana da shekara 6 aka cire masa haƙora 2 da suka ruɓe. Kuɗin tara da nake ba su kullum ashe a alawa da biskit da lemon leda yake ƙarewa, in sun dawo kuma taliyar yara, don ita ce mai sauri, ni ina can ina wa babansu babban girki. Makarantarsu gidan haya ce aka yanka azuzuwa, babu filin da yaro zai yi gudu. Daga nan sai Islamiyya, su zauna, daga nan sai gaban talabijin ko wayata. Na hana su fita layi don tsoron abin hawa da abokan banza, kuma har gobe ina ganin ina da hujja. Amma da aka ce mini yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar minti 60 kullum na wasan da zai sa shi gumi, na duba nawa na ga ko 10 ba sa samu.

Na rage kuɗin tara, na koma zuba musu abin tafiya a roba: dafaffen ƙwai, ko alala, ko awara, ko gyaɗa da dabino, da gorar ruwa. Khalifa ya yi bori sati guda, yana dawo da robar yadda take. Ban kula shi ba, yunwa ta sasanta mu. Tsakar gida kuma muka kwashe tarkacen da ke ciki, muka ce daga la'asar zuwa magariba babu talabijin. Na zana musu 'yar gala-gala da gawayi, na koya wa Abba langa, Amarya ta yanko igiyar shanya aka fara tsalle. Ummi, 'yata ta fari, ta noƙe a ɗaki, ta ce ita ta girma, kuma ni ce na sha ce mata budurwa ba ta tsalle-tsalle. Na rasa bakin magana. Malamarmu ta Islamiyya ce ta fitar da ni, da ta tuna mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wani lokaci da jikinta ya yi nauyi suka sake ya wuce ta. Na zo na ba Ummi labari. Ta ce, "To Umma ke ki fara."

Na ɗaure zanena tamau na karɓi igiya. Tsalle 7 na yi na zube a kan tabarma ina haki, zuciyata kamar za ta faso ƙirji, yara suna ta kwasar dariya har da riƙe ciki. Shekarata 30 da 'yan kai, tsalle 7! Na tuna ina yarinya a gidan Inna nakan yi 100 ban tsaya ba. Yanzu dai na kai 60, Amarya tana 80, kuma na lura tana ƙirga nawa ina ƙirga nata. Hali zanen dutse.

Wata Juma'a muna tsaka da haka, ni da Amarya muna kaɗa igiya Ummi tana tsakiya, sai ga sallamar Hajiya. Ta tsaya a bakin zaure da carbinta, ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah. Matan aure ne waɗannan ko 'yan gaɗa?" Muka durƙusa muka gaishe ta, gumi na ɗiga. Ta wuce ɗakin ɗanta. Shi kuwa ya sauke kilo 9, awon jininsa ya dawo kusa da daidai, yana hawa benen kasuwa ba ya tsayawa hutu, ya zauna yana yi mata bayani da murnarsa. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta leƙo ta kira mu ta ce, "Ni dai abin da na gani, kun haɗu kun ramar mini da ɗa."

Tun daga ranar duk Juma'a sai ta aiko yaro da kwanon soyayyen naman rago, mai yana kwance a ƙasa, a ce a ba Alhaji shi kaɗai. Ba ma iya mayarwa, ba ma iya zubarwa, shi kuma ba ya iya ce wa mahaifiyarsa a'a. Yanzu dai yanka 2 muke ɗibar masa, sauran mu raba wa yara da almajirai, a wanke kwano a mayar da godiya. Amarya ta ce mu lallaɓa mu kai Hajiya wajen likitar nan a auna nata jinin, don ita ma tana yawan kukan ƙeya. Mun yi shawara ni zan fara yi mata maganar, tunda ni ce babba. Juma'a 3 ke nan ina cewa sai mai zuwa.